Ƙungiyar Marayu, Rajista da Tikitin Cin Keke

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya gafarta maka. Mu matasa ne a Anguwan Rogo, Jos, muna da ƙungiyar kula da marayu shekara 4 ke nan, ba mu yi rajista ba, kuɗin da muke tarawa a asusun bankin ma'ajinmu yake shiga. Yanzu wasu sun kawo shawarar mu yi rajista, daga nan mu buga tikiti na naira 1,000, a yi ƙuri'a, wanda ya ci a ba shi Keke Napep, ragowar ta marayu. Sun ce in akwai rajista ba laifi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan hidima.

Ɗan'uwa, bari in fara da tikitin, don shi ne ya fi sauƙin amsa. Caca ce. Mutum ya zuba 1,000 yana fatan keke, ko ya samu abin da ya ninka kuɗinsa sau dubbai, ko ya tashi a tutar babu, kuma ƙuri'a ce za ta raba. Wannan shi ne maisir da Allah ya haramta a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Sa sunan maraya a jikin takardar bai canza komai ba. Annabi (SAW) ya ce Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar komai sai mai tsarki, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ta fuskar doka ma, takardar rajistar ƙungiya ba lasisin caca ba ce, wannan wata ƙofa ce daban. Ko an ba ku lasisin, hukuma ta ɗauke muku tuhumarta ne kawai, haramcin yana nan.

In kuna son abin da zai ja jama'a, ku yi gwanjo. Mai hali ya ba da keke ko rago kyauta, a taya a fili, wanda ya fi saye ya ɗauka. Jumhurun malamai sun halatta, da sharaɗin kada ku dasa wani a cikin taro yana ɗaga farashi alhali ba saye zai yi ba. Wannan shi ake kira najash, an hana.

Sai rajista. Sadakar da kuka tara a baya ingantacciya ce, rashin takarda bai ɓata ta ba. Amma asusun ma'ajin nan ya fi tikitin tayar mini da hankali. Banki bai san marayu ba, sunan mutum ɗaya ya sani. Yau in ta Allah ta kasance a kansa, magadansa za su iske kuɗi da sunan mahaifinsu, su haɗa da gado, su ci dukiyar marayu ba da saninsu ba. Ko kuma a bi shi bashi a riƙe asusun. Ba zargin ma'ajinku nake yi ba, sam. Shi kansa kun ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Dokar CAMA ta 2020, wato dokar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta ba irin ƙungiyarku hanya: ku naɗa amintattu biyu ko fiye, ku kai Hukumar CAC mai yin rajistar, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan nan ƙungiya za ta mallaki fili da sunanta, ta buɗe asusu da sunanta, kodayake banki zai nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Tunda kuɗin jama'a kuke karɓa a kai a kai, ina ganin yin hakan ya wajaba a kanku, domin tsare amana wajibi ne, abin da kuwa wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Sai dai ku sani rajista tana ɗaure ku. Manufofin da kuka rubuta a kundinku sun zama alkawari, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. In kun ce marayu, ba za ku kafa gidauniya da sunansu sannan ku yi wa masallaci rufi da kuɗin ba, sai da yardar masu bayarwa. Kuna iya sana'a, kamar sa keke haya, amma ribar ta koma ga manufar, ba a raba wa 'yan ƙungiya. Doka ta hana, kuma tana iya neman haraji a kan ribar cinikin.

Zakka ku ware mata littafinta daban. Maraici shi kaɗai ba ya cikin kaso 8 na Suratut Tauba, aya ta 60, sai in marayan faƙiri ne ko miskini. Masu yawon karɓa kuma a yanka musu lada sananne a rubuce. Abin da aka miƙa musu a bakin aiki na asusu ne, ko da mai bayarwa ya kira shi goro. Wani sahabi, Ibnul Lutbiyya, ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku, wannan kuma kyauta aka yi mini, Annabi (SAW) ya hau mimbari ya tambaya: me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa?

Kafin rajistar ta fito, ku rubuta takarda yau, ma'aji ya sa hannu gaban shaidu biyu cewa kuɗin nan na marayu ne, a ba iyalinsa kwafi.

Wallahu a'alam.