Daga ina sineyar hip hop ta samo asali?

Assalamu alaikum. Ƙanina, ka ce duk tarin sautukan ganga da ka sauke sai ka ji sineyarsu (snare, wato ƙaramar gangar nan mai kaifin sauti) kusan iri ɗaya ce, kana so ka san inda ta fito. Kunnenka bai yaudare ka ba. Na daɗe ina haɗa kiɗa, kuma ni ma wannan tambayar ta taɓa hana ni sakat.

Abin da ke ba sineya ƙararta shi ne wayoyin ƙarfe da aka shimfiɗa a jikin fatar ƙasan gangar. Idan ka taɓa tsayawa kusa da makaɗin ganga ranar hawan sallah, ka ga igiyar da ke gicciye kan fata tana ziza, to dabarar ɗaya ce.

Yawancin abin da muke ji yau daga gida biyu ya fito. Na farko hannun ɗan Adam ne. A 1969 Clyde Stubblefield ya buga wa James Brown "Funky Drummer", kuma a shekarar Gregory Coleman ya buga wani guntun kiɗa na kimanin daƙiƙa 7 a "Amen, Brother" na The Winstons. Sai "Impeach the President" na The Honey Drippers a 1973. Da farko ma'abota faifai a New York maimaita gaɓar gangar kawai suke yi. A tsakiyar shekarun 1980 mai haɗa kiɗa Marley Marl ya gano cewa zai iya yanko bugu ɗaya tak daga faifai ya jera shi yadda yake so, kuma gangar "Impeach the President" ce a ƙarƙashin "The Bridge" ta MC Shan a 1986. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Wannan ƙurar da kake ji a sineyar tsofaffin waƙoƙi ma tana da dalili. Na'urar naɗar sauti ta SP-1200 da ta fito a 1987 daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa. Sai masu kiɗa su juya faifai da sauri su naɗa, sannan su sassauta shi a cikin na'urar. Sautin yakan dawo da kaushi, kuma wannan kaushin da ƙarancin wuri ya jawo shi ne yau ake neman sa ido rufe.

Gida na biyu babu fata ko sanda a cikinsa. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar kiɗan ganga ta TR-808 a 1980, kuma sineyarta lantarki ne zalla: gajeren amo haɗe da shuuu irin na rediyon da ba ta kama tasha ba. Mutane suka ce ba ta yi kama da ganga ba, aka daina ƙera ta a 1983 bayan kimanin guda 12,000. Arahar da ta yi a kasuwar 'yan gwanjo ce ta kai ta hannun matasa. "Planet Rock" ta Afrika Bambaataa ta ɗaga ta a 1982, biranen kudancin ƙasar Amurka, wato su Miami da Memphis da Atlanta, suka riƙe ta gam har ta haifi salon kiɗan trap. Siririyar sineyar nan mai tsini da ake mirginawa kafin amshi jikar 808 ce. Lex Luger ya cika duniya da ita wajen 2010 da manhajar FL Studio ɗin nan da ke kwamfutarka, Young Chop kuma ya yi nasa salon a Chicago a 2012.

Sunan da ke jikin fayil kada ya ruɗe ka. Na taɓa ɗauko sineya biyu daga tari daban-daban, kowacce da sunan wani babban mai kiɗa, na ɗora su layi ɗaya, na kifar da igiyar sautin guda, yadda idan iri ɗaya ne za su soke juna, na danna. Shiru kake ji. Fayil ɗaya ne aka sauya wa suna. Tun ranar na daina tara dubbai, na zaɓi 'yan kaɗan na san halinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne makaɗan da suka buga na asalin. Coleman ya rasu a 2006, Stubblefield a 2017, kuma ba su ci moriyar dubban waƙoƙin da aka gina kan hannunsu ba. Ko ba komai, mu san sunayensu.

A aikace, ni nakan ɗauki mai kauri daga gidan faifai don jiki, in ɗora ta 808 ko tafi a sama don tsini, in daidaita muryarta da ta waƙar. Sannan in tura a waya in saurara, domin yawancin masu jin mu a waya suke ji ko a ƙaramar sifika cikin adaidaita sahu. A can rugugin bes ɓacewa yake yi, sineya ce ke riƙe kiɗan. Idan ta fito ras a wayar ba tare da ta soki kunne ba, sai in bar ta haka.