Amsa kan asalin hukuncin kisa

Malam ka ce wai Turawa ne suka kawo mana hukuncin kisa? A'a wallahi, tun kafin su shigo Katsina a 1903 alƙalai na yanke kisasi, sarki ma yana da hauni, wato mai zartar da hukuncin kisa. Manufar dai a tsare jini ne, kar dangin mamaci su ɗau fansa da hannunsu gaba ta ƙi ƙarewa, shi ya sa aka ba su zaɓin yafewa ko karɓar diyya. Amma fa sai hujja ta tsaya, ka tuna Amina Lawal da aka tuhuma da zina, kotun Bakori ta yanke mata jifa a 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta sallame ta 2003. Ni talakan da bai da lauya ne ke hana ni barci, na ga wata tsohuwa bakin gidan yari da kwanon tuwo tana jiran ganin ɗanta.