Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Ingila: batun rubuta manazarta

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma tambayarka ita ce wadda kusan duk mai shirin tasowa yake aiko mini: wane tsarin rubuta manazarta ya kamata ka koya, APA ko Harvard? Wannan zaɓi ba a hannunka yake ba. Sashen da ya ɗauke ka shi ne zai faɗa maka wanda yake bi, kuma a jami'a ɗaya za ka tarar masu karatun shari'a suna bin OSCOLA mai bayanai a ƙasan shafi, masu likitanci suna bin Vancouver mai lambobi, injiniyoyi kuma suna bin IEEE. Shi Harvard ma babu wata hukuma guda da ke fitar da shi, kowace jami'a da nata salon, don haka wanda ka saba da shi a gida yana iya saɓa wa na nan. APA kuwa bugunsa na 7 ya fito a 2019, kuma ya daina neman a rubuta garin da aka buga littafi, saboda haka kada ka taho da na 6 a kanka.

Duk wannan abin koyo ne a mako guda. Abin da ke kayar da mutanenmu a nan shi ne dogaro da littafin da ba su taɓa buɗewa ba. Mun san yadda ake yi a gida: ɗalibi ya ɗauko kundin wani da ya riga shi kammalawa, ya kwashe babin bitar ayyukan da suka gabata har da manazartarsa, kuma sau da yawa babu mai tambaya. A nan aikinka zai bi ta Turnitin, manhajar da ke gano rubutun da aka kwafo daga wani wuri, mai dubawa kuma yana iya buɗe maƙalar da ka ambata ya nemi shafin. Idan ka ga maganar wani a cikin littafin wani, ƙa'ida ita ce ka bayyana cewa ta hannun na biyun ka same ta. Na taɓa raka wani ɗan'uwa gaban kwamitin da ke binciken satar fasaha, mutumin kirki wanda iyayensa suka sayar da fili don biyan kuɗin makarantarsa, kuma har yau ba na son tuna yadda ya kasa nuna inda ya samo sakin layi biyu kacal. Hukuncin yana farawa daga rage maki ya kai ga kora, kuma idan aka kore ka jami'a za ta sanar da hukumar shige da fice, a taƙaita bizarka, yawanci zuwa kwana 60. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara tsananta lamarin, domin suna iya ƙago sunan maƙalar da babu ita sam.

Abin da ya fi yi mini ciwo a nawa kundin shi ne yadda waɗannan tsare-tsare ba su san da mu ba. An gina su ne a kan sunan iyali, mu kuwa malami ɗaya yana iya rubuta sunan mahaifinsa a ƙarshe a wata maƙala, a wata kuma ya rubuta sunan garinsu, sai manhaja ta mai da shi mutum biyu. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ma sukan lalace idan ka sauko da bayanin daga intanet, dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka gyara. Dattawan da suka ba ni tarihin garinmu da bakinsu kuwa, kwamitin ɗa'ar bincike ya sa na ɓoye sunayensu na sa musu lambobi, alhali Baturen da ya yi ɗan zama a ƙasarmu zamanin mulkin mallaka sunansa yana nan cikakke a manazarta. Na bi ƙa'idar domin babu yadda zan yi, amma ban gamsu da ita ba.

A kan wannan, kada ka yi hira da kowa da sunan bincike kafin jami'arka ta ba ka izini a rubuce, domin ana iya ƙin karɓar duk abin da ka tattara. Amma idan za ka yi amfani da takardun gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna ko na Arewa House, rubuta lambar kowane fayil da shekararsa da shafinsa tun kana can, saboda digiri na biyu a nan shekara ɗaya ce, kuma kuɗin jirgi ba zai bar ka ka koma neman lamba ba.

Ranar da na kare kundina, mai jarrabawa na waje bai sami madogara ko ɗaya da na kasa nuna tushenta ba, kuma ina alfahari da hakan. Na samu haka ne saboda duk abin da na karanta, a ranar nake shigar da shi da lambar shafinsa. Ka sauke Zotero, manhajar adanawa da tsara manazarta, tun yanzu, kyauta ce, ka fara saba wa hannunka da ita, amma ka riƙa duba abin da ta fitar da idonka kafin ka miƙa wa malaminka. Allah ya kawo ka lafiya, ka gaida su Baba.