Mun rabu, amma sunanmu biyu ne a bashin gida

'Yar'uwa, kin tambaya ko saki ya sauke miki bashin gidan da kuka saya tare. Bai sauke ba. Banki sa hannunku ya sani: idan tsohon mijinki ya daina biya, yawanci ke za a bi duka, ba rabi ba.

A ƙiyasta kuɗin gidan, a cire ragowar bashi. Gida miliyan 100, bashi 60, abin rabawa 40. Ko ku sayar ku raba, ko ɗayanku ya sayi kason ɗayan, ya sabunta bashin da sunansa kaɗai, in banki ya gamsu da samunsa.

Kada ki kuskura ki cire sunanki daga takardar mallaka alhali yana nan a ta bashi. Kafin a kammala, biyan wata-wata kada ya tsaya.