Hannunka naka ne, littafin haɗin kuwa nawa ne

Ka tambaye ni ko takardar da ka sa wa hannu za ta hana ka buɗe wurinka in na yaye ka. Ajiye buroshin nan ka zauna, ɗana, abu biyu ka haɗa wuri guda.

Akwai alkawarin cewa ba za ka yi gogayya da ni ba bayan ka tafi. Wannan ban sa shi a takardarka ba, kuma da gangan na bar shi. Kotu ba ta son a ɗaure wa mutum hannu wajen neman abincinsa. Tun shari'ar Nordenfelt a Ingila a 1894, sharaɗi irin wannan ba ya tsayawa sai yana da iyakar da hankali zai ɗauka, ta lokaci da wuri da irin aikin. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta soke shi ga ma'aikata. A Jamus kuwa hanin ba ya wuce shekara 2, kuma dole maigida ya riƙa biyan aƙalla rabin albashi duk tsawon lokacin.

Yadda kake shafa katako ka ji inda bai yi santsi ba, da yadda kake gane fenti ya yi kauri daga zubarsa a jikin sanda, duk sun zama naka. Ba mai ƙwace su.

Abin da ka sa wa hannu shi ne sirrin sana'a: awon haɗin fentin da ke cikin baƙin littafin nan, da sunayen kwastomomina, da yadda nake musu kuɗi. Doka na kare abu ne in jama'a ba su san shi ba, kuma ɓoyuwarsa ce darajarsa, sannan mai shi ya nuna yana tsaronsa. Shi ya sa kake ganin makullin durowar a wuyana. Wani yarona ya taɓa ɗaukar hoton shafi uku da wayarsa, ranar ban runtsa ba. Da a kan teburi na saba yar da littafin, da me zan gaya wa alƙali?

Rajistar ƙirƙira, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro abu don kada wani ya kwaikwaya, shekara 20 take yi, kuma sai ka bayyana wa duniya haɗinka kafin a ba ka. Sirri ba shi da wa'adi, dubi haɗin Coca-Cola tun 1886. Amma in ka zauna da gumin goshinka ka gano haɗin da ya kai nawa, halalinka ne, ba ni da ta cewa.

Gobe ka zo da takardar mu bi ta layi-layi, kafin mu taɓa ƙofofin can.