Allurar zafi ta ƙi tashi

Yaron gareji ya tambaya: "Oga, Corollar nan da aka kawo, mai ita ya ce daga Bukuru har Farin Gada allurar mitar da ke nuna zafin injin ba ta ɗaga ba. Ni na ɗauka abin murna ne, tunda zafi muke gudu. Me za mu gyara a ciki?"

Oga ya amsa masa: Kai Sani, zo nan ka ji. Injin yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. In bai kai can ba, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu asuba ce, sai ta yi ta ƙara masa fetur kamar yanzu aka tayar. Shi ya sa mai motar zai ce maka tana shan mai, fulogi ya yi baƙi, salansa tana warin ɗanyen fetur. Wannan ma da sauƙi. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ga raɓar da ke taruwa a ciki ba ta samu zafin da zai kore ta ba. A hankali ringin fistin ya cinye, mai motar bai san daga ina ba.

Farkon abin da za ka zarga shi ne tamostat. Ɗan ƙyaure ne tsakanin injin da lagireto, yana rufe ruwa a cikin injin har ya ɗau zafi, sannan ya buɗe. Duba jikinsa za ka ga lamba, yawanci 82 ko 88, zafin da yake fara buɗewa ke nan. Ko dai ya maƙale a buɗe, ko kuma, wanda na fi sa rai, wani ɗan'uwanmu bakanike ya cire ya jefar. Ka san halinmu: mota ta iso daga Kwatano, kafin a sa mata lamba an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar ƙanƙara ne. Ni ban taɓa yarda da wannan ba. Ko a Sakkwato iskar gari ba ta kai rabin zafin da injin ke nema sai da ƙyar, balle nan Jos da hunturun Disamba ke sa mutum ya kasa riƙe sifana da safe.

Kada ka kwance komai tukuna. Bari ta huce sarai, ka buɗe murfin lagireto ka ga ruwa. Ka kiyaye wannan, don in ruwa ya yi ƙasa har sensa mai auna zafin ruwan ta zauna a iska, allura za ta iya nuna sanyi alhali injin yana dahuwa. In ruwa ya cika, rufe, ka tayar, ka ɗora hannu a tiyon sama, ka yi nesa da fanka da bel. Mota mai lafiya, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintuna, sannan zafi ya shigo shi gaba ɗaya. In ka ji yana ɗumi a hankali tun daga tayarwa, ruwa na zagayawa ba mai tare shi. Ka tambayi mai motar ma ko allurar tana ɗan tashi a cunkoson Taminus, ta faɗi ƙasa in ya gangara Hawan Kibo. In ya ce e, magana ta ƙare.

Sai fanka. Kashe AC, ka duba ko tana juyawa da zarar ka murɗa makulli. In tana yi, bi wayar ka ga inda aka yi haɗin, ko rile, ɗan makunnin da ke ba ta wuta, ya liƙe.

In kuwa tiyo ya yi zafi yadda ya kamata, hita tana hura iska mai zafi, amma allura na kwance, to injin lafiyarsa lau, sensa ce ko mitar ke ƙarya. Jona na'urar bincike ka karanta zafin da kwamfuta ke gani. In ta fito da P0128, tana gaya maka ruwa bai kai zafinsa a kan lokaci ba, ka koma kan tamostat.

In ka ciro shi ka same shi a buɗe yana sanyi, ya mutu. Sabon da za ka sayo a Dilimi ma kada ka ɗaura sai ka gwada, jabu ya yi yawa. Jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ka tsamo shi ya huce. Wajen ɗaurawa, gefen sifirin ya kalli injin, ɗan hujin fitar iskar nan ya kasance a sama, ka sa sabuwar roba. Ka zuba ruwan lagireto na gaske, ban da na rijiya, ka fitar da iska, ka mayar da fanka kan layinta.

Mai motar zai tsorata ya ga allura ta tsaya kusa da tsakiya, tunda bai saba ba. In ya zo ɗauka ka turo mini shi in yi masa bayani da kaina. Ɗauko sifana 10 da 12 mu fara.