Kuɗin ɗinki da ragowar yadi

Ka tambaye ni, tunda zaren da ke shiga babbar riga bai taka kara ya karya ba, shin kuɗin da muke karɓa bai zama cin haƙƙin mutane ba? Ajiye almakashin nan, ɗana, ka matso.

Malamai sun riga mu duba wannan. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya ce abin da mutum ke samu na arziki ƙimar aikin hannun ɗan Adam ne. Shadda tana naɗe a shago kuɗinta daban. Ranar da ka auna ta, ka yanka, ka fitar da wuya da aljihu, ka kwana a kan keke idonka na yaji, ta zama riga. Wannan bambancin shi ne guminka, kuma halal ne.

Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya sa sana'o'in da jama'a ba sa rayuwa sai da su, irin su noma da saƙa da ɗinki, cikin farilla ta kifaya: in kowa ya bari, gari duka ya yi laifi. Har allurar nan da ke maƙale a rigarka ya yi magana a kanta, ya ce sai ta bi ta hannun mai ƙera ta sau 25 kafin ta kammala. Ka ga ke nan kai ma kana cin gumin wasu, su ma suna jiran naka.

Amma fa inda suka tsananta, nan ne teloli ke zamewa. A kasuwannin Sham da Masar na wancan zamani akwai muhtasibi, mai sa ido kan masu sana'a. Ƙa'idarsa ga tela ita ce, tufa mai tsada kamar alharini a auna nauyinsa kafin a yanka, a mayar wa mai shi da wannan nauyin. An kuma hana tela jan rai da "dawo gobe". Wannan na biyun ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin duk azumi sai ka ga an karɓi ɗinkin da an san ba zai fita kafin Sallah ba, yara su wayi gari suna kuka.

Saboda haka faɗi kuɗinka tun kafin ka sa almakashi, kada ka ji kunya. Wancan ƙyallen da ya rage daga rigar Alhaji kuwa, ko bai kai kamu ɗaya ba, ninke shi ka sa masa a leda tare da rigarsa.